Yadda Ake Zaga Istanbul da Dare a Jirgin Ruwa da Motar Bas

Da yawa daga cikin mutanenmu da ke zuwa Istanbul saro kaya ko neman magani sukan yi mako guda cur tsakanin shagunan Laleli, ofisoshin masu aika kaya da ɗakin otal, su koma gida ba su ga birnin ba sai abin da suka hango ta tagar tasi. Dalilin a fili yake, domin wunin na kasuwa ne ko na asibiti, ba a samun sarari sai la'asar ta yi sanyi. To amma wannan lokacin shi ne ya fi dacewa da birnin. Istanbul na zaune ne a kan nahiyoyi biyu, Turai da Asiya, mashigin ruwan Bosforus ya ratsa tsakiyarsa, kuma manyan masallatai da fadojin sarakunan Daular Usmaniyya kusan dukkansu ruwan suke fuskanta. Wanda ya gan su daga kan ruwa a daidai faɗuwar rana, sannan ya haye gada a mota bayan an kunna fitilu, ya ga abin da mai yawo a ƙasa zai yi kwanaki bai gani ba.

A ra'ayina, ba sai ka sayi tsarin yawon da ake tallatawa a teburin otal ba. Jiragen ruwa da motocin bas da mazauna birnin ke hawa kullum sun isa su yi maka aikin, da kuɗi kaɗan, kuma kai ne za ka riƙe lokacinka. Abin da ake buƙata shi ne yamma ɗaya, kimanin awa shida, da kuma tsara komai bisa lokacin magariba.

Mataki na ɗaya: duba lokacin magariba kafin ka zaɓi rana

Rana a Istanbul ba ta faɗuwa a lokaci ɗaya duk shekara. A watan Yuni takan kai wajen ƙarfe 8:40 na dare kafin ta faɗi, a watan Disamba kuwa tun wajen 5:40 na yamma an kira magariba. Turkiyya ta daina sauya agogonta tsakanin zafi da sanyi tun 2016, saboda haka tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu a kowane wata. A jadawalin sallah da ake liƙawa a masallatai, la'asar ita ce İkindi, magariba Akşam, isha'i kuma Yatsı. Ka rubuta lokutan nan uku na ranar da ka zaɓa, domin su ne ƙashin bayan shirin.

Misali, a ƙarshen Satumba magariba kan faɗi wajen ƙarfe 7:00. A irin wannan rana kana son ka isa bakin ruwa da ƙarfe 5:00, ka hau jirgi wajen 6:00, ka sauko wajen 7:30, ka shiga ɓangaren mota kafin 8:00, ka kama hanyar masauki kafin 11:30. A tsakiyar watannin zafi wannan lissafi ba ya shiga dare ɗaya sai an matse shi, domin duhu ba ya yi sai tara ta wuce, alhali yawancin jiragen ƙasa suna tsayawa wajen sha biyun dare. Idan a Yuni ko Yuli ka zo, gara ka raba shirin gida biyu, ruwa yau, mota gobe.

Ka guji yammacin Asabar da Lahadi idan da hali, saboda hanyar bakin ruwa takan cushe da masu fita shan iska. Ka kuma duba hasashen yanayi da safe. Akwai iskar kudu maso yamma da suke kira lodos, wadda idan ta yi ƙarfi takan sa a dakatar da jiragen fito, haka ma hazo mai kauri a lokacin sanyi.

Mataki na biyu: kati da abin da za ka riƙe

Ba a biyan direban bas da tsabar kuɗi a Istanbul. Ana amfani da kati guda, Istanbulkart, a bas, tiram (jirgin ƙasan da ke bin titin cikin gari), jirgin ƙarƙashin ƙasa da jirgin fito na gwamnatin birni. Ana sayen sa a na'urorin da ke bakin tashoshi, a nan kuma ake zuba masa kuɗi. Farashi yakan canza sau da yawa saboda hauhawar farashin kaya a ƙasar, don haka ka duba kuɗin hawa ɗaya a jikin na'urar, ka zuba abin da zai ishe ka hawa takwas zuwa goma. Wannan ya haɗa da rara, domin Metrobus da Marmaray, waɗanda za mu zo kansu, sun fi bas na yau da kullum tsada. Ka yi wannan da rana. Neman na'urar da ke karɓar takardar kuɗinka da ƙarfe goma na dare, ga layi a bayanka, ba abin daɗi ba ne.

Ka ɗauki rigar sanyi ko da a watan Agusta ne. Iskar da ke sauka daga Bahar Aswad, tekun da ke arewa, ta bi ta mashigin takan ratsa shadda da yadi kamar babu komai a jiki, musamman a saman jirgi bayan rana ta faɗi. Mai hula ya kula da hularsa, mai mayafi ta ɗaure shi da kyau. Ka sa takalmin da za ka iya tafiya da shi a kan duwatsun daɓe, wanda kuma ba ya wahalar cirewa a ƙofar masallaci. Ka riƙe shaidarka, domin 'yan sanda kan tambayi baƙi takardu, sannan ka ɗauki katin otal mai adireshi, ka cika cajin waya, ka bar kuɗin saro a ma'ajiyar otal. Lambar gaggawa a duk ƙasar ita ce 112.

Kalmomi kaɗan za su taimake ka wajen karanta alluna: iskele ita ce tashar jirgin ruwa, durak tashar bas, giriş mashiga, çıkış mafita. Harafin ç ana furta shi kamar c ɗinmu, ş kamar sh, shi kuwa c nasu kamar j.

Mataki na uku: zuwa Eminönü da zaɓen jirgi

Daga Laleli ko Aksaray ka hau tiram mai lamba T1 da ya nufi Kabataş. Zai bi da kai ta Beyazıt, Sultanahmet da Sirkeci kafin ya sauke ka a Eminönü, a bakin gadar Galata, inda mashigin Haliç ya haɗu da Bosforus. Wannan kogin teku da ya kutsa cikin gari shi ne tashar jiragen ruwan birnin tun zamanin Rumawa. Tiram ɗin yakan cika maƙil da yamma, saboda haka waya da walat su koma aljihun gaba. Idan ba ka yi la'asar ba, ga masallacin Yeni Cami nan a gabanka, wanda aka soma ginawa a 1597 aka kammala a 1665, da wurin alwala da ɓangaren mata.

Kana tsallaka titi zuwa bakin ruwa 'yan kamasho za su tare ka da hotuna a hannu suna kiran "Bosforus, Bosforus". Kada ka tsaya ciniki da su. Ka wuce kai tsaye zuwa tagar sayar da tikiti da ke jikin tashar, inda aka rubuta farashi da lokacin tashi. Wasu daga cikin masu tarar mutane a titi sukan ɗora riba mai yawa a kan tikitin da za ka iya saya da kanka, wasu kuma sukan kai mutum ƙaramin jirgin da ba zai tashi ba sai ya cika, kana zaune rana tana faɗuwa.

Jiragen iri huɗu ne, kuma a nan ne ya kamata ka natsu.

Na farko su ne na Şehir Hatları, kamfanin jiragen gwamnatin birni, wanda tarihinsa ke komawa tsakiyar ƙarni na 19. Yana da gajeren zagaye na kusan awa biyu, da dogon zagaye da ke kaiwa ƙauyen Anadolu Kavağı kusa da bakin Bahar Aswad, wanda ke cin kusan wuni guda. Dukansu da rana suke tashi, don haka ba su dace da mai son faɗuwar rana ba, sai dai a watannin zafi kamfanin yakan ƙara wani zagaye na daren Asabar.

Na biyu su ne jiragen kamfanoni masu zaman kansu irin su Turyol, waɗanda ke tashi daga kusa da gadar Galata a kai a kai har zuwa dare, su je gada ta biyu da ke kan Bosforus su juyo cikin kimanin awa ɗaya da rabi. Waɗannan su ne suka fi dacewa da shirinmu. Ka zaɓi wanda zai tashi kimanin awa ɗaya kafin magariba, domin ka tafi da haske ka dawo da fitilu.

Na uku su ne jiragen liyafar dare, waɗanda otal-otal suka fi tallatawa saboda kamashon da ke ciki. Sukan ɗauke ka daga masauki, su ba ka abinci, su dawo da kai wajen tsakar dare. Ya kamata ka san abin da za ka tarar kafin ka biya: a yawancinsu ana shan giya, ana kiɗa da ƙarfi, akwai kuma rawar mata. Ko an ajiye batun addini a gefe, mutum yakan ƙare a zaune a teburi cikin ɗaki mai gilashi, hasken ciki ya hana shi ganin waje. Wanda ya zo da iyalinsa ya yi tambaya dalla-dalla tukuna.

Na huɗu shi ne jirgin fito na yau da kullum, wanda ma'aikata ke hawa zuwa Üsküdar ko Kadıköy a ɓangaren Asiya, tafiyar minti goma sha biyar zuwa ashirin da biyar da katinka. Idan lokaci ya ƙure ko aljihu ya yi sanyi, ka hau na Kadıköy ka je ka dawo. Ba za ka ga fadojin arewa ba, amma za ka ga tsohon birni daga wurin da ya fi kyau.

Game da sallah, hanya biyu ce. Ko dai ka hau jirgin da zai dawo da kai kimanin rabin awa bayan kiran magariba ka yi ta a Yeni Cami, tunda tazarar magariba da isha'i a can takan kai awa ɗaya da rabi, ko kuwa ka jira ka yi ta cikin jam'i, sannan ka hau jirgin da ke biye, ka yi zagayen duka cikin dare. Na farko ya fi ba da kallo, na biyu ya fi kwanciyar hankali ga wanda ba ya son jinkirta magariba.

Mataki na huɗu: inda za ka zauna da abin da za ka gani

Ka shiga da wuri ka hau bene na sama, ka nemi kujera a hannun hagu idan kana fuskantar gaban jirgi. Dalili shi ne jiragen zagaye sukan bi gaɓar Turai a tafiyarsu ta arewa, su dawo ta gaɓar Asiya, saboda haka mai zaune a hagu shi ne ke kusa da gaɓa a zuwa da dawowa. Amma a mintuna goman farko ka tsaya a bayan jirgi ka waiwaya. Daga nan ne za ka ga tsohon birni ya jeru a kan tuddansa: masallacin Süleymaniye da magini Sinan ya kammala wa Sarki Sulaiman a 1557, sai Aya Sofiya da aka gina a shekara ta 537 aka kuma mayar da ita masallaci a 2020, sai masallacin Sultanahmet mai hasumiya shida, sai fadar Topkapı a kan tsinin da ya shiga ruwa. A ɗaya hannun kuma hasumiyar Galata ce, wadda mutanen Jenowa ta ƙasar Italiya suka gina a 1348.

Mai shayi zai zagayo da tire ɗauke da ƙananan kofunan gilashi masu siririn ƙugu, baƙin shayi ba madara, da ƙwayar sukari biyu a gefen faranti. Ka tambayi kuɗin kafin ka ɗauka. Za ka ga yara suna gutsura simit, burodin nan mai kamar zobe da aka barbaɗa wa riɗi, suna jefa wa tsuntsayen teku da ke bin jirgin, su kuwa suna cafkewa a iska kafin ya taɓa ruwa. Idan kana tare da yara, ka riƙe su a nan, domin garin jifa sukan manta da tsayin ƙarfen da ya kange gefen jirgi.

Abu na farko babba a hagunka shi ne fadar Dolmabahçe, doguwar farar fada da ta miƙe a bakin ruwa, wadda aka kammala a 1856 zamanin Sarki Abdulmajid, lokacin da sarakunan suka bar Topkapı suka koma gini irin na Turai. A cikinta Mustafa Kemal Atatürk, wanda ya kafa Jamhuriyar Turkiyya, ya rasu ranar 10 ga Nuwamba, 1938. Gaba kaɗan sai fadar Çırağan, wadda yanzu otal ce, sannan ƙaramin masallacin Ortaköy da ke zaune a kan ruwa a gindin gada ta farko. An buɗe gadar a 1973, tazarar da ke tsakanin ginshiƙanta biyu mita 1,074 ce, kuma an sauya mata suna zuwa Gadar Shahidan 15 ga Yuli bayan yunƙurin juyin mulkin 2016. Ka ɗaga kai lokacin da jirgi ke wucewa ta ƙarƙashinta, domin nan da 'yan awanni kai ne za ka kasance a samanta.

Daga nan jirgin zai wuce unguwannin Arnavutköy da Bebek har zuwa inda mashigin ya fi ƙunci, kimanin mita 700 kacal. A nan ne ganuwar Rumeli Hisarı take, wadda Sarki Muhammad na Biyu ya gina a 1452 cikin kusan wata huɗu, daura da Anadolu Hisarı da Sarki Bayazid na Ɗaya ya gina a ɗaya gaɓar tun kafin nan. Manufarsa ita ce ya toshe hanyar da agaji zai iya zuwa wa Ƙusɗanɗiniyya, wato Istanbul ta yanzu, daga Bahar Aswad, kuma a shekarar da ta biyo, 1453, birnin ya faɗa hannunsa. Idan ka dubi ƙuncin wurin da idonka, za ka gane dalilin da ya sa ya zaɓe shi ba tare da wani ya yi maka bayani ba. Gada ta biyu, wadda aka buɗe a 1988 aka sa mata sunan Sarki Muhammad, tana gaba kaɗan, kuma a nan yawancin jirage ke juyawa.

Ka lura da ruwan kansa a wannan wuri, yadda yake murɗawa yana gudu kamar kogi. Ruwan sama-sama yana gangarowa ne daga Bahar Aswad zuwa Tekun Marmara, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani mai gishiri da nauyi da ke tafiya arewa. Tsawon mashigin ya kai kimanin kilomita 30, kuma manyan jiragen dakon mai da hatsi suna bi ta cikinsa ƙarƙashin yarjejeniyar Montreux ta 1936, saboda haka kada ka yi mamaki idan wani ƙaton jirgi ya wuce ya bar naku yana tangaɗi.

A dawowa ta gaɓar Asiya za ka ga tsofaffin gidajen katako na masu hali da aka gina dab da ruwa, waɗanda ake kira yalı, sai dogon ginin tsohuwar makarantar soja ta Kuleli, sai fadar Beylerbeyi inda Sarki Abdulhamid na Biyu ya ƙare rayuwarsa a 1918 bayan an tuɓe shi. A kan tudu kuma masallacin Çamlıca ne, wanda aka buɗe a 2019. Zuwa lokacin an kunna fitilun gada, an haska hasumiyoyin masallatai, kuma idan jirgin bai cika hayaniya ba za ka ji kiran magariba yana tasowa daga gaɓa biyu, wani ladani yana gamawa wani yana farawa. Wanda ya zo cikin Ramadan zai ga ƙarin abu: rubutun fitilu da ake ratayawa tsakanin hasumiyoyin manyan masallatai, wanda suke kira mahya.

Kada ka kunna filashin waya wajen ɗaukar hoto, domin ba zai kai gaɓa ba. Ka jingina gwiwar hannu a kan ƙarfe, ka ɗauka a mintunan da sama ke da sauran shuɗi.

Mataki na biyar: bas ɗin bakin ruwa zuwa Ortaköy

Akwai motocin yawon buɗe ido masu hawa biyu da buɗaɗɗen sama, waɗanda ke tashi daga dandalin Sultanahmet su haye gada su dawo, da bayani a abin saƙalawa a kunne. Idan kana son su, ka je rumfarsu da rana ka tambayi lokacin motar ƙarshe, domin jadawalinsu ya fi karkata ga rana. Motocin birni kuwa suna aiki har dare, kuma su za mu bi.

Bayan sallar magariba ka koma tiram T1 ka haye gadar Galata, inda masu kamun kifi da ƙugiya ke jere har tsakar dare, ka sauka a tasha ta ƙarshe, Kabataş. A gaban tashar akwai wurin tsayawar bas. Ka nemi wadda aka rubuta Ortaköy, Bebek ko Sarıyer a goshinta, kuma idan kana shakka ka ce wa direba "Ortaköy?" zai gyaɗa kai ko ya girgiza. Ana shiga ta ƙofar gaba, a ɗora kati a na'urar da ke kusa da direba, a sauka ta ƙofar tsakiya ko ta baya bayan an danna maɓallin tsayawa. Ka zauna a hannun dama, ɓangaren ruwa. Motar za ta bi ta gindin filin ƙwallon Beşiktaş, ta ratsa titin da manyan itatuwa suka yi wa rumfa a bayan katangar Dolmabahçe, ta wuce Beşiktaş da Çırağan. Tafiyar ba ta da nisa, amma idan an yi gosulo takan ci rabin awa ko fiye.

A Ortaköy ka bi lungun masu sayar da abinci zuwa dandalin bakin ruwa. Idan ka yi sauri za ka riski isha'i a masallacin da ka gani daga jirgi, kuma yana da kyau ka riske ta, domin akan rufe masallatai jim kaɗan bayan an idar. Yawancin Turkawa mazhabar Hanafiyya suke bi, kuma bayan sallama ladani yakan ja tasbihi a yi tare. Abincin da aka san unguwar da shi shi ne kumpir, ƙaton dankalin Turawa da ake gasawa a tsaga, a cakuɗa cikinsa da man shanu da cuku, sannan ka nuna da yatsa abin da za a zuba maka: masara, zaitun, wake, kabeji. Guda ɗaya yakan ishi mutum biyu. Ka ba wurin minti arba'in, kada ka wuce haka.

Idan wani mai goge takalmi ya yar da burushinsa a gabanka, kada ka ɗauka ka miƙa masa, domin tsohuwar dabara ce ta jawo mutum a goge masa takalmi "kyauta" sannan a nemi kuɗi mai yawa. Haka nan baƙon da ya fara zance da fara'a ya ce ku je wani wuri ku sha wani abu, ka yi masa godiya ka wuce.

Mataki na shida: haye gada a Metrobus

Ba a barin masu tafiya a ƙasa su hau gada ta farko ta Bosforus, sai ranar gudun fanfalaki na shekara-shekara, saboda haka mota ce kaɗai hanyar ganin mashigin daga sama. Daga Ortaköy ka koma Beşiktaş, ka sauya zuwa bas ɗin da ke hawa titin Barbaros zuwa Zincirlikuyu, ka bi allunan da aka rubuta Metrobüs. Waɗannan dogayen motoci ne masu gaɓa da ke gudu a hanyarsu ta musamman a tsakiyar babban titi. An fara su a 2007, layin ya kai kimanin kilomita 52 daga Beylikdüzü zuwa Söğütlüçeşme, kuma suna aiki dare da rana. Tsakanin biyar na yamma da takwas cunkosonsu ya wuce misali, shi ya sa aka ajiye wannan mataki sai dare ya yi.

Ka tsaya a ɓangaren da ya nufi Söğütlüçeşme. Motar da ke da lamba 34Z daga nan take farawa, don haka ita ce ta fi ba da damar samun kujera. Ka zauna a hannun dama kusa da taga, domin daga nan za ka fuskanci kudu: masallacin Ortaköy a ƙarƙashinka, jiragen fito suna kai da kawo da fitilunsu, can nesa kuma hasumiyoyin tsohon birni. Hayewar ba ta wuce 'yan mintuna, kuma wannan ne wuri ɗaya da za ka yi fatan a samu ɗan cunkoso. A ƙarshen gadar akwai allo mai yi maka maraba da zuwa nahiyar Asiya.

Mataki na bakwai: Üsküdar da komawa masauki

Ka sauka a tashar Altunizade, ka bi hanyar da ta haɗa ta da jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba M5, ka hau wanda ya nufi Üsküdar, wadda ita ce tasha ta ƙarshe. Kana fitowa za ka ga masallacin Mihrimah Sultan, shi ma aikin Sinan ne, yana kallon tashar jiragen ruwa. Ka bi bakin ruwa ta hannun hagu, tafiyar kimanin rubu'in awa, zuwa Salacak, inda hasumiyar Kız Kulesi ke tsaye a kan ɗan tsibirinta, ga Topkapı da Aya Sofiya a bayanta a ɗaya nahiyar. Mutanen unguwa sukan zauna a nan da iyalansu suna shan shayi har dare ya raba, kuma wurin ya fi Ortaköy natsuwa nesa ba kusa ba.

Kafin ka bar dandalin zuwa Salacak, ka leƙa allon tashar jirgin ruwa da na Marmaray ka ga lokacin na ƙarshe, ka sa ƙararrawa a waya saura rabin awa. Idan akwai sauran jirgin fito zuwa Eminönü, shi ya fi, domin zai ba ka wani kallon na minti goma sha biyar. Idan ya wuce, ka sauka Marmaray, jirgin ƙasan da aka buɗe a 2013 wanda ke bi ta ramin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin mashigin, kimanin mita 60 ƙasa da saman ruwa. Cikin minti huɗu zai kai ka Sirkeci, inda za ka koma T1 zuwa Laleli, ko kuma ka zarce tasha ɗaya zuwa Yenikapı, wadda ke kusa da Aksaray.

Idan duk sun wuce ka, ƙananan jiragen da ke fito tsakanin Üsküdar da Beşiktaş sukan kai dare fiye da sauran, daga can kuma sai tasi. Ka hau mai launin rawaya daga wurin tsayawarsu, ka nuna wa direba katin otal, ka tabbata ya kunna mita kafin motar ta motsa. Wajen biya, ka faɗi adadin takardar da ke hannunka da baki kafin ka miƙa, ka kuma karɓi canjinka kana zaune a cikin motar.